Banɗakin Inna

Akwai wani mutum, ma'aikaci ne a birni, ɗan fari a wurin mahaifiyarsa. Ka dai san rayuwar ɗan fari: ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, uwar kuwa ko sunansa ba ta kamawa, in ya shigo ɗaki sai ta kau da kai. Ya tashi yana kallon ƙannensa suna hawa cinyarta, shi yana raɓe a bakin ƙofa. Daga nan makaranta ta ɗauke shi, aiki ya ɗora. Har furfura ta fara leƙo masa bai taɓa yin wata guda cur a gida ɗaya da ita ba. Burinsa kuwa ba wani babba ba ne. So yake ya dawo daga masallaci ya durƙusa a ƙofarta ya gaishe ta, ya ji muryarta daga ciki, kullum ta Allah. Yana ganin tunda tsufa ya zo, ai kunyar ma ta tsufa, ƙila wata rana bakinta ya suɓuce ta kira sunansa.

Da Allah ya hore masa ya gina gida, sai ya ware mata ɗaki da banɗaki a ciki. Ana cikin aikin ciwo ya taɓa ta a ƙauye, hannunta na dama ya yi sanyi, ko buta ba ta iya ɗagawa. Wata ƙanwarta, ita ma tsohuwa, ita ke riƙe mata. Da ya je ya yi mata maganar komawa birni, sai ta dubi ƙasa ta ce, "Ni da ko tsarki sai an zuba mini ruwa? Ba zan je in ɗora wa 'yar mutane wannan ɗawainiya ba." Matarsa take nufi. Nan ya gane ba birnin take gudu ba, kunyar suruka ce ta tsare hanya.

Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin abin tsarki da ake haɗawa da famfo, mutum ya wanke jikinsa da hannu ɗaya ba tare da ya nemi kowa ba. Gari na wayewa ya nufi kasuwar kayan gini. Mai shago ya baje masa su a kan tebur: ga mai tiyo da ake matsa bakinsa, ga wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin mazauni a murɗa ruwa ya fito, ga kuma wani na tangaran mai zaman kansa. Ya ɗauki mai tiyon ya matsa da hagu, ya tuna yatsun Inna, ya ce ya yi tauri. Ya murɗa na biyu, ya ce ruwan zai yi mata ƙarfi. Na tangaran kuma sai ta tashi daga nan ta koma can, ga ciwon gwiwa. Sai mai shago ya ce akwai wani da ke dumama ruwa da kansa, amma ya ƙare, sai an kawo kaya. Jin haka zuciyarsa ta kwanta a kansa. Ya ga Inna da sanyin asuba, ruwan ɗumi na jiranta, ya ce duk daɗewa wannan zai jira. Ai abin da ya yi shekaru yana tsumaye bai kamata ya zo da aibi ba.

Kaya ba su iso ba sai bayan damina. Da suka iso aka ce sai an jawo wayar lantarki zuwa banɗakin, aka fasa bango. Da aka gyara bango sai ya ga tayal ɗin na da santsi, ya sa aka ɓanɓare. In ya kira ƙauye aka tambaye shi yaushe zai zo ɗaukarta, sai ya ce saura kaɗan.

A can kuwa ƙanwar tata ta kwanta rashin lafiya, babu mai riƙe buta. Ƙaninsa da ke kasuwanci a Yola ya zo dubiya, ya ga halin da ake ciki. Bai yi shawara da kowa ba, ya sa aka ɗaura tiyo na gama-gari a banɗakin gidansa, ya dawo da mota ya tafi da Inna.

Ranar da aka gama aikin, ɗan farin ya kama hanyar Yola. Ya tarar da ita a kan tabarma, jikoki sun kewaye ta, ta yi ƙiba. Ya durƙusa ya gaya mata an gama, har ruwan ma na ɗumi ne. Ta saurare shi har ya gama. Can ta ce, "Allah ya yi albarka, ya ba ka masu yi maka. Amma hanyar nan da na sha, ƙashina ba zai ƙara ɗaukar irinta ba. A bar ni inda Allah ya ajiye ni."

Ya dawo shi kaɗai. Ɗakin ya zama na baƙi. Duk wanda ya kwana a ciki sai ya fito da safe yana yaba ruwan ɗumin nan, yana tambayar inda aka samo shi. Mai gidan yakan yi murmushi ya faɗi sunan shagon, sannan ya juya zancen. In ya sami hutu yakan je Yola ya yi kwana biyu, ya gaida mahaifiyarsa a gidan wani, ya ci abincin baƙo, ya juyo.

Ba rowa ce ta hana shi ba, ba kuma rashin so ba. Ya tsaya gyaran abin ne har lokacinsa ya wuce. Shi ya sa Hausawa suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.