Ankon Morenike

Sati uku ke nan da 'ya'yanmu suka kai mijina gidan kula da masu ciwon mantuwa a Ibadan. Na ɗaura ankon da muka sa ranar cikarmu shekara arba'in da aure, ko zai gane ni.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai dubi fuskata ba, zanen ya ƙura wa ido.

"Baiwar Allah, ina kika samo kayan matata?"

"Haba, Baban Dotun! Ni ce fa, Morenike!"

"Ƙarya kike! Morenike ba za ta bar ni nan ko kwana ɗaya ba."

Ya shafa bakin zanen a hankali.

"Mayar mata da abinta. Ki ce ina jiran ta."