Sati Uku, Ba Ragi

"Sati uku," na maimaita.

Manaja ya buga tebur. "Injiniya, kifi na ganinki mai jar koma. Aikin kwana goma ne wannan, sauran duk ciko ne."

"Yallaɓai, kwana goma ne in ba za a kira ni taro sau huɗu a wuni ba, kuma ba wanda zai leƙo ranar ƙarshe ya ce a ɗan ƙara wani abu. Asabar da Lahadi kuwa na 'ya'yana ne."

Ya juyo da kwamfutarsa kowa ya gani. Ya ce ya sayo manhajar da ke ƙiyasta tsawon aiki, ita ba ta ƙarya, kuma ba ta da 'ya'ya. In ta faɗi ƙasa da sati uku, in tattara nawa-i-nawa in bar masa ofis.

"Na yarda," na ce. "In ta faɗi fiye kuma, abin da ta faɗa za ka ba ni."

Ya shigar da bayanin aikin. Allo ya nuna sati huɗu.

Manaja ya sa hannu a kan sati huɗun yana muzurai, ya fice. Dogo, maƙwabcin teburina, ya matso. "Yaya, ko ɗar ba ki ji ba?"

"Ɗar na me? Ni na rubuta manhajar a tsohon wurin aikina. Na koya mata ta ninka komai biyu, don na san manajoji ne za su saye ta."