Hoton Auta

Kyamara ta uku ke nan Subarna ya ɗora a kan kantar shagonsa a birnin Kathmandu, amma mai sayen, Tirtha, bai ko taɓa ta ba. Kallonta yake kamar wanda aka miƙo wa jariri aka ce ya riƙe.

"Yaya, wannan tana kama tsuntsu yana tashi," in ji Subarna. "Waccan kuwa, in ka sauya mata ido, har ƙanƙarar dutse za ta jawo maka tsakar gida."

"Ba tsuntsu zan ɗauka ba," in ji Tirtha. "Fuska ɗaya ce. Ina so ta fito tar, ko an buɗa ta ta kai girman faranti."

Subarna ya kashe ido. "Amarya ce? Da furfurar nan taka?"

Tirtha bai yi dariya ba. Shi dai bai taɓa riƙe babbar kyamara ba, irin wadda ake cire wa ido a ɗaura wani. Da ya ɗaga ta sai ya danna inda bai kamata ba, ya ɗauki silin. Subarna ya ajiye sababbin, ya ciro wata tsohuwar hannu mai sauƙin kai, ya haɗa masa da ƙaramin ido na ɗaukar fuska. Ya ce tunda hannun bai saba ba, sai a ƙara da ƙafa uku na ɗora kyamarar da ɗan makunnin da ake dannawa daga nesa. Tirtha ya karɓa tun kafin ya rufe baki, ko tayi bai yi ba.

A motar komawa garinsu Bhaktapur ya rungume jakar a ƙirji. Abin da ke ransa ɗaya ne: tsohuwa ta daina cin abinci.

Hera Maya sunanta, amma duk unguwar Ama ake ce mata. Tirtha yana kwana a ɗakin ƙasa na gidanta. Shi ke dafa mata shinkafa da miyar waken da suke ce wa dal, shi ke wanke mata zane, shi ke nemo ta idan ta fita ta manta hanya. Ɗan haya take kiransa, shi kuma yana amsawa.

A bangon ɗakinta akwai hotunan waɗanda suka riga mu: mijinta, surukanta, 'yarta ta fari. Kowanne da sarƙar furen rawaya a wuyan firam, kowanne da hayaƙin turare duk safiya. Rayayye ba a rataya wa hotonsa fure, ko da wasa. Wata safiya Ama ta tsaya gaban bangon ta ƙirga, ta ga babu Auta. Ta ce ɗanta ya tafi aikin gini Katar, ya mutu a can, ba wanda ya kawo mata gawa, ga shi ko fure ba ya samu. Maƙwabta suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Tun daga ranar ta ture kwano.

"Ama, ko loma ɗaya."

"Ni in ci, ɗana yana can da yunwa? Kai ɗan haya, ba ka da uwa ne?"

Sauran hotunan gidan kuwa girgizar ƙasa ta binne su tuntuni. Tirtha ya gwada na waya, da aka buɗa sai ya fito dishi-dishi, ta ce wannan ba kowa ba ne. Ta ce Autanta a kan soro yake, kusa da tantabarunsa, nan za a same shi. Ya je wajen masu hoton unguwa ya faɗa musu abin da yake so su hau soron su yi. Na farko ya ce ba da shi ba. Na biyu ya kama kunnuwansa biyu, ya ce kada ya ƙara maimaita maganar a shagonsa.

To, wanda ba a yi wa sai ya koya. Da hantsi ya hau soro da kayansa, ya sa sakata. Sabon shiga ne, kuma kyamara ba ta jin tausayin kowa. Hoto ya fito baƙi ƙirin, na gaba ya fito fari fat, na gaba tantabara ta fito tar, fuskar ta narke. Daga ƙasa yana jiyo tarin Ama, yana ta ƙara rauni. Sai da rana ta karkata ya sami guda ɗaya mai kyau.

Ya koma Kathmandu, inda ba wanda ya san shi, ya ce wa mai wankin hoto ya mayar da shi baƙi da fari, ya baƙanta gashin, ya goge tamojin goshi. Mutumin ya dubi hoton, ya dubi Tirtha, sannan ya kama aiki.

Ama tana kwance lokacin da ya buga ƙusa a bango, ya rataye hoton. Ta ɗago da ƙyar, ta dafa gado, ta tako. Ta daɗe tana shafa gilashin da yatsa.

"Shi ne," ta ce. "Autana. Dubi yadda ya rame."

Ta yi kuka irin wanda ta daɗe tana riƙewa, kukan da ke sauke nauyi. Da ta share ido ta ce a ba ta fure, ta ce kuma in akwai sauran shinkafa za ta taɓa. Tirtha ya miƙa mata sarƙar. Hannunta bai kai ba, sai ya tallabe ta ta gwiwar hannu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan haya. Da ka san shi, da kun shaƙu."

Tirtha ya tsaya har uwar da ta haife shi ta gama rataya wa hotonsa furen matattu, sannan ya sauka ya ɗumama mata shinkafa.