Saƙonnin da Torleif Ya Ɓoye

Gunvor ta buɗe ɓoyayyen wurin da mijinta Torleif ya sa kwamfuta ta riƙa tace masa wasu saƙonnin imel tana tarawa. Ɗari huɗu ne, duk maganarsu ɗaya: "Akwai wani baƙon mutum a gidana. Torleif, ka zo ka cece ni."

Sai ta ji takunsa a bayanta.

Ta ce, "Wace ce wannan baiwar Allah? Me ya hana ka zuwa?"

Ya durƙusa a gabanta, ya riƙe hannunta. "Kullum ina nan, Gunvor. Likita ya ce haka ciwon mantuwa yake. Duba sunan mai aikowa."

Sunanta ne. Na ƙarshen ma ɗazu ta aika, yana kicin yana yanka mata burodi.