Darasin Jam'i a Shagon Walda

"Ba a cewa two childs, Baba," ta faɗa tana ƙwanƙwasa biro a kan benci. "Children ake cewa. Wannan kalmar ba ta karɓar s."

Ya ja tsaki. "Turancin banza. Jiya kin ce in sa s, yau kin ce in cire. Ko dai ke ce ba ki iya ba?"

Tun da ya saki mahaifiyarta tana goye a baya bai taɓa nemanta ba, sai yanzu da wani kamfani ya kira shi ganawar ɗaukar aiki ya tuna yana da 'ya malamar Turanci. Kullum in ta tashi daga makaranta sai ta biyo shagon, ta zauna cikin ƙaurin ƙarfe, yana gardama tana gyarawa. Tana lallashin zuciyarta da cewa ko banza dai suna zama wuri ɗaya.

"Sake faɗa daga farko."

Ya gyara zama. "I am a welder. I have two children."

"Yawwa, jam'in ya fita, saura ƙidayar." Ta ɗan yi murmushi. "Three za ka ce, Baba. Two ai biyu ke nan. Yaran gidanka biyu, sannan ga ni."

Ya ɗauki gilashin walda ya rufe idanunsa da shi, ya jawo ƙarfen da ke gabansa.

"Na san ma'anar two," ya ce. "Turanci kawai na ce ki gyara mini."