Tumbin Magajin Gari

A taron dandalin gari, magajin gari ya miƙa wa wata tsohuwar makauniya makirufo, ya ce, "Inna, nuna wa jama'a yadda sabon shafinmu na intanet yake yi wa makafi hidima."

Ni na gina shafin, kuma kowane hoto yana da ɓoyayyen bayani wanda wayar makafi ce kaɗai ke karanta shi. Shaƙiyanci na zuba a ciki, don na ɗauka ba mai ji.

Ta kara wayarta a makirufo, ta ja yatsa. Muryar na'ura ta cika dandalin har ƙofar coci: "Hoto. Magajin gari yana buɗe rijiyar da ya buɗe bara. Tumbinsa ya riga shi isa."

Makaɗan cumbia suka saki ganguna. Mai suyar empanada, wani irin fanke mai nama a ciki, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Wane ɗan iska ne ya rubuta wannan?" in ji magajin gari.

Na ɗaga hannu, ina yi wa aikina ban kwana.

"Ƙyale shi, ranka ya daɗe," in ji tsohuwar. "Ai mu makafi mun haddace tumbin nan tun watan Maris. Kai kuma ɗana, matso ka ji abin da ya kawo ni."

Ta buɗe shafin neman ganin likita. Wayar ta ce: "Maɓalli. Maɓalli. Maɓalli." Ko ɗaya ban sa wa suna ba, balle ta san aikinsa.

"Wata shida ke nan ƙafata tana kumbura," ta ce. "Wanne zan danna?"