Jaririn da Ba Ya Kuka

Rana ta take a gonar auduga, nonon wata mai goyo ya cika har ya jiƙa mata riga, amma jaririnta ya ƙi farkawa ya sha.

Tun da uwar mijinta ta soma jiƙa mata sassaƙen barci take samun hutu, matan ƙauye kuma suna ta yabon yaron da ba ya kuka.

Ta ce wa uwar mijin, "Iya, anya abin da nika sha ba ya bin nono?"

Tsohuwar ta shafa busassun leɓɓan jaririn. Da suka koma gida ta zubar da jiƙon.

Bayan 'yan kwanaki yaron ya tsala kukan da ya ƙetare tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonar. Tsohuwar ta ajiye buhunta, ta zauna tana saurare kamar mai jin karatu.